Rabon Nama a Rumfar Kuku

A gidanmu ba a taɓa nama sai tuwo ya ƙare. Ko yanka nawa ne a cikin miya, sai dai ka zagaye su da lomarka, ka ture su gefe, har a share akushi. Sannan Baba ya jawo akushin gabansa, ya dubi yawanmu, ya rarraba. Ba ya cewa ka ɗauka. Kai ne za ka miƙa tafin hannunka, shi kuma ya ɗora maka. Mahauci ne, idonsa ya fi sikeli, kuma ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce an rage masa ba. Haka na tashi na gani, haka kuma aka ci gaba da yi mini har na yi gemu.

Ƙauyenmu yana can gefen Durumi. Baba ya zo ne daga arewa yana saurayi, Gbagyi suka ba shi wurin zama da gona, ya riƙa sayen shanu a hannun Fulanin da ke sauka bakin rafi yana yankawa ranar kasuwa. A lokacin in ka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja kake nufi. Nan inda muke kuwa, in ka hau dutse ka duba, ban da ɗorawa da ciyawa da kunyoyin doya ba abin da za ka gani.

A ƙarshen shekarun saba'in masu awo suka sauka da tantunansu da wani abin hange mai ƙafa uku, aka ce birni za a gina. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na dawo daga Kaduna ke nan da lasin tuƙi, da ɗan Turanci, da girman kai mai yawa. Nan da nan suka ɗauke ni direba, suka ba ni Landiroba. Na sayi tabarau baƙi. In na tuna yadda nake fitowa daga motar nan ina kaɗa makulli a yatsa, har yau kunya nake ji.

Wata rana da kaka muna bin layin awo, layin ya kai mu tsakiyar gonar Baba. Yana ciki yana ɗaure dammunan dawa. Leburan da ke buga fegi ya tafi neman ruwa, safiyo kuwa, wato ogan awon, yana sauri, sai ni na ɗauki guduma na buga. Baba ya tako a hankali ya tambayi ko mene ne wannan. Safiyon mutumin kirki ne, ya cire hularsa ya yi bayani, ni kuma na fassara: hanya ce za ta bi ta nan, babba, kuma ba bana ba, ba baɗi ba. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai na ƙara daga aljihuna, na ce, “Baba, ai ci gaba ne.”

Ya dube ni ta cikin tabarau ɗin da ke idona. Ya ce, “Wannan na ƙarshen, shi ya faɗa ko kai?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “To.” Ya koma kan dawarsa.

Ran nan da aka ci tuwo, ya raba nama kamar kullum. Ƙannena suka miƙa hannu ya ɗora musu. Da ya zo kaina, hannuna yana miƙe, sai ya ajiye rabona a bakin akushi ya tura mini. Bai hana ni ba, bai rage ko tsoka ba. Hannunsa kawai ya ɗauke. Ni kuma da taurin kai irin na gado, na naɗe hannuna na tashi na bar naman a wurin.

Haka muka yi wata huɗu. Kullum ya ajiye, kullum in bari, Inna ta kwashe ta ba yara tana hararata. Ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, amma a tsaye na ba shi, da makulli a hannuna, ya ce ba komai. Wanda bai san Baba ba zai ɗauka an gama. Ni na san “ba komai” ɗinsa ya fi zagi ciwo. Muna gaisawa, muna salla sahu ɗaya, in ya aike ni ina zuwa, amma raina a ɓace yake kullum, kuma nama ya fita daga kaina har a waje.

Da bazara aka ce ayarinmu zai tashi, za mu koma wajen Uke ta hanyar Keffi, daga can kuma ba wanda ya san inda za a tura mu. Saura kwana biyu. Ban gaya wa kowa abin da ke damuna ba, amma abu ɗaya ne: kada in bar gida hannun Baba bai taɓa nawa ba.

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Kuku. Ɗan ƙauyen ne, Gbagyi, sa'an Baba, kuma mahaifinsa ne ya ba Baba gonar nan tun farko. Ya yi shekaru yana dafa wa Turawa abinci a Kaduna, da ya ji masu awo sun zo sai ya dawo ya kafa rumfar kwano a bakin hanya kusa da tantunansu. Benci huɗu ne da tebur biyu, da faffadan kaskon ƙarfe, da injin niƙa nama na hannu da ya ɗaure a jikin tebur. Abin alfaharinsa shi ne firji mai kananzir da ya taho da shi a bayan akori-kura, an naɗe shi da katifa. Abu biyu kawai yake sayarwa: boga, wato niƙaƙƙen nama a cikin burodi, da askirim. Askirim ɗin da madarar da matan Fulani ke kawo masa da safe yake yi, da ƙwai da sukari, ya buga da hannu, ya zuba a kofuna. Kofi shida kaɗai ɗan akwatin ƙanƙarar ke ɗauka, don haka wanda ya makara sai gobe.

A wurin Baba yake sayen nama, ko da yake Baba bai taɓa zuwa ya ga abin da ake yi da shi ba. Ban san ko Inna ce ta tsegunta masa ba, ko shi ya lura da ramata. Da safen nan dai ya tsaya gaban teburin Baba a kasuwa ya ce, “Sarkin Fawa, wata nawa ina ɗauka nama a wurinka, kai ba ka zo ka sa albarka a shago na ba. Ko don ni ba na salla ne?”

Ya san inda zai taɓa. Baba ya ce bayan azahar yana nan tafe.

Kuku ya ce in kawo shi a mota. Baba ya ce ƙafarsa lafiya lau. Sai na ajiye motar na bi shi a baya, ana zafin nan da ke sa kwanon rufi ya riƙa ƙara shi kaɗai. Ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, abin da ya ba ni mamaki. Hanyar ta bi ta gefen gonar, fegin yana nan da jan fenti a kansa. Shi bai dubi wajen ba, ni ma ban duba ba, amma na tabbata kowannenmu ya gan shi.

Muka tarar da wasu akawu biyu 'yan Legas a benci ɗaya suna ci suna sauraren rediyo. Na san su, tare muke aiki. Na ɗaga musu hannu irin na waɗanda suka waye. Baba ya yi sallama, ya nemi ruwa ya wanke hannu har gwiwa, ya zauna ya tattare riga kamar wanda zai ci tuwon suna.

Kuku ya ɗauko naman, ya nuna masa don ya shaida yankansa ne, sannan ya fara turawa a inji yana juya hannun. Baba ya miƙa wuya yana kallo. Da ya ga cinyar bijimin da ya zaɓa da kansa tana fitowa sili-sili, sai ya kama haɓa.

“Kuku, naman nawa kake yi wa haka?”

“Haka oga suna so.”

“Ba su da haƙora ne?”

“Suna da shi. Ba su da lokaci.”

Baba ya girgiza kai ya ce shekara talatin yana fiɗa, bai taɓa ganin an tauna wa babba nama kafin a ba shi ba. Kuku bai kula shi ba. Ya zuba gishiri da albasa da ɗan barkono, ya mulmula, ya danna da tafinsa har suka yi faɗi, ya jera guda uku a kasko. Ƙamshin ya tashi. Na ga hancin Baba ya motsa, duk da ya ɗaure fuska. Aka tsaga burodi aka ɗan gasa shi a man naman, aka ɗora tumatir da albasa, aka rufe. Kuku ya kawo faranti uku, ya ajiye wa kowa nasa, shi ma ya cire ƙyallen gabansa ya zauna.

Baba ya dubi farantai ukun nan. Bai saba a raba masa kwano da wanda suka zauna tare ba. Ya ɗaga murfin burodinsa ya leƙa, ya yi bismilla, ya zare naman ya ajiye a gefen faranti. Sannan ya miƙa hannu ya buɗe na Kuku, ya zare nasa, ya ɗora kan na farko.

Kuku ya ce, “A'a, Sarkin Fawa, wannan abinci ba a buɗe shi. Duka tare ake cizo.”

Baba ya ce, “A gidan wa ake fara cin nama?”

Na ji akawun nan sun rage rediyo. Ɗaya ya taɓa ɗaya da gwiwar hannu. Kunya ta rufe ni, har da haushi. Na riga na ɗauki bogata da hannu biyu, na ɗaga ta daf da baki, niyyata in gatsa babban cizo don su ga cewa ni dai na san yadda ake yi, tsohon ne bai sani ba.

Baba bai taɓa farantina ba. Na Kuku ya buɗe ba tare da tambaya ba, amma nawa bai kai hannu ba. Ya dai tura farantin naman ya ɗan matso tsakiyar tebur, ya kawar da kai yana kallon firji.

A nan na gane. Idan na ciza, na ci namana da kaina, kuma shi ke nan babu abin da zai raba mini. Ba zai ce komai ba. Zai ci burodinsa, ya yi wa Kuku addu'a, mu koma gida, jibi in tafi. Man naman yana bin yatsuna, akawu suna kallo, yunwa kuma ina jin ta sosai. Na sauke ta. Na buɗe, na zare naman, na ɗora kan sauran biyun.

Kuku ya dube ni, ya dubi rufin kwano, ya ce, “Shekara ashirin a kicin na Bature, yau na ci burodi da tumatur.”

Haka muka ci, mu uku, gayan burodi da tumatir da albasa, naman yana tsakiya yana hucewa. Baba yana gutsura da yatsu uku yana mulmulawa kamar loma. Ya ce burodin ba laifi. Ya tambayi Kuku labarin ƙafarsa, suka taɓa zancen farashin shanu da yadda Fulani suka fara matsawa kudu da wuri bana. Ni ba wanda ya ce mini komai. Idona yana kan farantin nan.

Muna gamawa, Baba ya karkaɗe hannu zai jawo naman, sai Kuku ya zabura ya ce a dakata, kananzir ɗin firji ya kusa ƙarewa, in ba a sha askirim yanzu ba zai koma madara. Ya kawo kofuna uku da ƙananan cokula. Da na san zai katse mu a daidai nan, da na zubar masa da kananzir ɗin tun da safe.

A cikin zafin nan kofin yana fitar da ɗan tururi. Baba ya ɗebo a cokali, ya dubi tururin, ya kumbura kumatu ya hura. Ya sake hurawa. Ya jira kaɗan don ya huce, sannan ya kai baki.

Ya runtse ido. Ya dafe goshi da hannun hagu. Ya daɗe a haka, cokalin yana bakinsa. Da ya buɗe ido ya ce, a hankali, “Kuku, Allah ya isa tsakanina da kai.”

Kuku ya yi dariya har ya zame daga benci. Akawun nan ma suka fashe, ni ma ban iya riƙewa ba. Na tsorata kada Baba ya ji haushi, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Rabon da in ga haƙoransa tun kaka. Ya ce shi ya zaci kunun zaƙi ne mai zafi, ashe ƙanƙara aka yi wa sukari. Ya sake ɗebowa, wannan karon kaɗan, ya bar shi ya narke a harshe. Ya ce madarar ta gidan wance ce, ya gane ta, shanunsu ne ke cin ciyawar fadama. Kuku ya ce ƙwarai kuwa. Ya shanye tas, ya kankare gindin kofin, ya tambaya ko za a iya kai wa Inna. Kuku ya ce kafin a kai bakin rafi ya zama ruwa, sai dai a kawo ta. Baba ya ce wannan kuma sai an yi shawara.

Sannan ya jawo farantin.

Akawun suka daina dariya, ko kuma ni ne na daina jin su. Ya dubi faifan naman nan uku, ya juya ɗaya, ya danna da yatsa. Ba ƙashi, ba kitse, ba jijiya, babu ta inda mahauci zai nuna gwaninta. Duk da haka ya natsu ya raba huɗu. Na farko ya nemi takarda ya naɗe wa Inna, ya sa a aljihun riga. Kuku, wanda ya ci tuwo a gidanmu ba sau ɗaya ba, ya miƙa tafinsa ba tare da an gaya masa ba, aka ɗora masa.

Saura biyu. Ban miƙa hannu ba, don ina tsoron in miƙa a tura mini faranti a gaban mutane. Hannuwana suna kan cinyata.

Baba ya ɗauki kaso ɗaya. Niƙaƙƙen nama ne kuma ya huce, yana ɗagawa ya fara marmashewa tsakanin yatsunsa.

Ya ce, “Kawo hannunka mana, ba ka ga yana zubewa ba?”

Na miƙa. Ya sa hannunsa na hagu ya tallafo nawa ta ƙasa, ya juye naman da na dama, ya tattaro ɓarɓashin da ya maƙale a yatsunsa ya ƙara mini, sannan ya naɗe yatsuna a kai. Tafinsa da kaushi, da sanyin kofin askirim a jikinsa har lokacin. Naman ya riga ya zauna, ba abin da zai zube, amma bai saki ba.

Ya ce, “Jibi ne tafiyar?”

Na ce jibi ne.

Ya ce, “In ka je, abin da suka faɗa shi za ka faɗa wa mutane. Kada ka ƙara, kada ka rage. Mai gona ya san abin da ya rasa, ba sai ka gaya masa sunansa ba.”

Na ce, “Na tuba, Baba.” A zaune nake, kaina a ƙasa, makullin yana can cikin aljihu.

Ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Ci namanka.”

Na ci. Ya yi sanyi, man ya daskare, albasa ta yi masa yawa, ƙwalla kuma ta cika mini ido har ba na ganin farantin sosai. Kuku ya tashi ya shiga goge kaskon da ya riga ya goge. Baba ya ci nasa yana taunawa a hankali, ya ce gaskiya ɗanɗanon yana nan, amma shi dai an ɓata masa cinya. Ya ɗaga hannu ya yi wa rumfar addu'a doguwa, Kuku yana cewa amin tare da mu. Da muka fito ya dubi rana, ya ce zafin ya yi yawa, in je in ɗauko motar.

Wannan ne karo na farko da ya shiga ta. Ya zauna a gaba, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya ce in rage gudu, alhali ko giya ta biyu ban sa ba. Da muka zo daidai gonar ya ce in tsaya. Bai sauka ba. Ya dubi fegin ta taga na ɗan lokaci, ya ce in sun gama hanyar, in zo in bi da shi ta kai ya gani.

Bai kai ba. Ya yi noma uku a gonar bayan nan, ya rasu kafin katafila ta iso. Kuku ma bai daɗe ba ya bi shi. Hanyar kuwa an yi ta, na bi ta ba adadi, kuma har yau in na zo daidai wurin ƙafata takan sauka daga totur da kanta.

Yanzu jikokina sukan ja ni irin shagunan nan masu sanyi da gilashi, inda ake yin oda a tsaye, askirim kala-kala yana fitowa daga famfo. Kowa da tirensa, kowa da wayarsa. Suna yi mini dariya saboda nakan buɗe bogata in zare naman in ajiye gefe, in fara cin burodin. Sun ɗauka ƙauyanci ne, ni kuma ban musa musu ba. A zuwanmu na ƙarshe, ƙaramar cikinsu, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta zuba mini ido har na gama burodin. Ta tambaye ni wa nake ajiye wa naman. Na gutsuro rabi, na ce ta kawo hannunta, na tallafo shi ta ƙasa don kada ya zube.